Mutum Ne Ko Na'ura? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sirrinka da Shaidar Zama Ɗan Adam a Intanet

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wadar Kaduna, inda ake cike fom, a buga sakamakon jarrabawa, wani lokacin kuma a saya wa dattijo tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Wanda ya daɗe a kan irin wannan benci ya san tambaya ɗaya takan dawo ta bakuna goma. A 'yan shekarun nan tambayoyin sun karkata gefe guda: wa nake magana da shi a waya, mutum ko na'ura, kuma me ya sa kowace manhaja ke neman fuskata? Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Ba dole a karanta su a jere ba, sai dai na farkon su ne harsashin na baya.

Wai mene ne bot ɗin nan da ake ta faɗa?

Bot manhaja ce da aka ɗora wa aiki ta riƙa yi a intanet ita kaɗai, ba hannun mutum a kanta. Ba mutum-mutumin ƙarfe ba ne mai ido da ƙafa, rubutaccen umarni ne da ke gudana a cikin wata kwamfuta, watakila a wata ƙasa. Akwai na kirki, kamar wanda Google ke aikawa ya zaga shafuka don in ka yi bincike a samo maka amsa. Akwai kuma na ɓarna: mai gwada dubban kalmomin sirri a kan asusun mutane ko zai dace, mai buɗe asusun bogi, mai cika sashen sharhi da zagi ko yabo idan kakar siyasa ta kama.

Kamfanin tsaron intanet na Imperva, wanda ke fitar da rahoto duk shekara, ya ce a 2024 kashi 51 cikin 100 na zirga-zirgar shafukan intanet na'urori ne suka yi ta. Kada a ɗauki wannan da cewa rabin abokanka na Facebook na'urori ne. Ana ƙirga yawan ƙwanƙwasa ƙofar shafuka ne, na'ura ɗaya kuwa tana iya ƙwanƙwasawa sau dubu kafin kai ka gama shan shayi.

Me ya sa shafi ke tsare ni ya ce in zaɓi hotunan fitilar hanya ko mota?

Sunan wannan jarrabawa CAPTCHA. Wasu masana a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, cikinsu da Luis von Ahn, su suka raɗa mata suna a farkon shekarun 2000. Asalin tunanin ya girme su: tun 1950 masanin lissafin Ingila Alan Turing ya kawo shawarar a sa mutum ya yi hira a rubuce da wanda ba ya gani, a ga ko zai bambance ɗan Adam da na'ura. CAPTCHA ta juya abin, yanzu na'ura ce malamar, kai ne mai zana jarrabawa.

Da farko karkatattun haruffa ake nunawa, don a lokacin kwamfuta ba ta iya karanta su. Von Ahn ya ga ana asarar ƙoƙarin miliyoyin mutane, sai ya ƙirƙiro reCAPTCHA, inda kalmomin da kake kwafa daga tsofaffin littattafai da jaridu aka ɗauko su, kana taya mayar da su rubutun kwamfuta ba tare da ka sani ba. Google ya sayi wannan fasaha a 2009. Da na'urori suka ƙware a karatun haruffan, aka koma hotuna. Yau su ma hotunan na'ura na cinye su, akwai kuma kamfanonin da ke biyan talakawa 'yan kuɗi kaɗan su zauna suna warware CAPTCHA a madadin bot. Dattijon da idonsa ya yi rauni shi ke faɗuwa, ɓarawon kuma ya wuce.

Wani lokaci akwati kawai nake dannawa ya bar ni in wuce. Ta yaya ya gane ni mutum ne?

Ba dannawar ce ta fisshe ka ba. Akwatin da Google ya fito da shi a 2014 yana duba abin da ke kewaye da dannawar: irin na'urarka da burauzarka, adireshin intanet ɗin da ka fito daga shi, 'yan guntayen bayanan da shafuka suka ajiye a wayarka a baya, da yadda hannunka ya motsa. A 2018 aka fito da wanda ba ya ma nuna akwati, sai dai ya ba ka maki a ɓoye tsakanin 0 da 1, mai shafin ya yanke ko ya buɗe maka ko ya rufe.

Ka ga inda gizo ke saƙar ke nan. Sauƙin da ka samu, da bayananka ka saye shi. Wanda aka daɗe ana bibiya an san shi, sai a wuce da shi ba tambaya. Wanda ya share tarihinsa, ya toshe masu bibiya, shi ne baƙon fuska, shi za a tsare. Na yi bayanin wannan ciniki sosai a amsar da ke magana kan zaure.

Ni ce kullum ake tsarewa, ƙawata kuwa ba a tsare ta. Laifin wayata ne?

Sau da yawa ba laifinki ba ne. Kamfanonin layin waya sukan haɗa ɗimbin masu amfani a kan adireshin intanet guda, don adiresoshin tsohon tsari sun yi ƙaranci. In wani cikin waɗanda kuka yi tarayya ya saki bot, zargin ya shafe ku duka, kamar unguwar da aka yi sata aka kame duk samarin layin. Haka abin yake a shago irin nawa, inda kwamfutoci da yawa ke fita ta ƙofa ɗaya.

Sai VPN. Mutanenmu da yawa sun saka shi lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu har yau bai bar wayarsu ba. VPN na ɓoye daga inda kika fito, amma masu bot ma ta nan suke bi, shi ya sa shafuka ke masa kallon tara saura kwata. In kin kashe shi tsarewar za ta ragu. Na kyauta kuma a yi hattara da shi, domin duk zirga-zirgarki ta hannun mai shi take bi, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa.

To mene ne haɗin duk wannan da sirrina?

A gidan Bahaushe akwai zaure, kuma zaure ba ya tambayar kowa abu ɗaya. Ɗan garuwa ya yi sallama, an ga mutum ne da jarkokinsa, shi ke nan, ba wanda zai tambaye shi sunan kakansa. Baƙon mai gida a tambaye shi daga ina, a aika yaro ciki. Mai neman aure kuwa sai an tono asalinsa har ƙauyensu. Kowa da gwargwadon abin da ya zo nema. Tambayoyi uku ne daban: mutum ne kai, wane ne kai, kuma ka cancanci shiga nan?

Matsalar intanet ta yau ita ce tambayar farko ta yi wuyar amsawa, sai masu ƙofofi suka tsallaka zuwa ta biyu. Tun da haruffa sun kasa, hotuna sun kasa, sai aka ce kawo lambar waya. Aka ga ana sayen layuka, aka ce kawo katin shaida. Aka ga ana ƙera kati, aka ce nuna fuska ka kyafta ido. Duk lokacin da na'ura ta ƙara ƙwarewa wajen kwaikwayon mutum, abin da ake karɓa a hannun mutumin gaske ƙaruwa yake yi, kuma daga takarda ana matsowa zuwa jikinsa. Kalmar sirri in ta fita ka canza wata. Fuska da zanen yatsa da su za a kai ka kushewa.

Ra'ayina shi ne ka riƙa auna ƙofa kafin ka biya kuɗin shiga. Banki yana riƙe da dukiyarka, doka ta ɗora masa sanin ko kai wane ne, wannan neman aure ne. Tikitin jirgin Abuja ma, tun da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022 bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma kowa a garin nan ya san dalili. Amma manhajar wasa, ko shafin da ya ce za a raba tallafi, ko mai gyara hoto, in ya nemi NIN ko lambar tantancewar banki ta BVN, ɗan garuwa ne ake tambaya sunan kakansa. Rufe ka tafi.

Zan iya gane rubutun na'ura in na karanta? Ai ba ta jin Hausa sosai.

Da can wannan kariya ce ta gaske. Google Translate ya saka Hausa a ƙarshen 2013, kuma shekaru bayan nan saƙon ɗan damfaran da ya bi ta can warinsa kake ji daga nesa: a kira mace da "shi", a fassara karin maganar Turanci kalma bayan kalma. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke hira da rubutu kamar mutum, a Nuwamban 2022 tazarar ke raguwa. Har yanzu Hausar na'ura takan yi tsafta fiye da kima, kamar labaran rediyo, ba ta da ƙazantar Hausar Kaduna da ke gauraya Turanci da barkwanci a jimla guda. Amma wannan alama ce mai ƙarewa, kuma ɗan damfaran na iya zama Bahaushe ɗan layinku da ya sa na'ura ta rubuta shi ya gyara.

Malaman makaranta ma sukan tambaye ni manhajar da za ta kama ɗalibin da na'ura ta yi wa aiki. Malam, a bi a hankali. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fito da irin wannan ma'auni a farkon 2023, ya janye shi a watan Yulin shekarar saboda yawan kuskure. Masu bincike a jami'ar Stanford kuma sun nuna irin waɗannan manhajoji sun fi ɗora zargi a kan waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, wato 'ya'yanmu ke nan. Kira ɗalibin ya yi maka bayanin abin da ya rubuta da bakinsa na minti biyar, ya fi kowace manhaja.

Amma in na ji muryar mutum ko na gan shi a bidiyo ai magana ta ƙare, ko?

Gani ya kori ji, haka muka taso muna faɗa. Yanzu sai a haɗa da ɗayar: kama da wane ba ta wane. A 2024 OpenAI ya bayyana cewa sautin daƙiƙa 15 ya ishi wata manhajarsa ta kwaikwayi muryar mutum, kuma akwai ire-irenta a kasuwa da kowa ke iya haya. Mu kuwa al'ummar saƙon murya ce, kowane zauren WhatsApp cike yake da muryoyinmu, balle malamai da 'yan siyasa da 'yan fim da ke da sa'o'i na magana a fili. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa a ciki. Dukansu na bogi ne, shi kaɗai ne ɗan Adam a taron.

Shawarar duba yatsu ko motsin leɓe tana tsufa da sauri, kada ka dogara da ita. Dogara da abin da na'ura ba ta da shi. In an kira ka da muryar ƙaninka yana kuka, "Yaya, na yi hatsari a hanyar Zariya, turo kuɗi ta wannan asusun," katse, ka kira lambarsa da ke ajiye a wayarka. In ba ta shiga, kira matarsa ko abokin tafiyarsa. Tambaye shi abin da ba a taɓa rubutawa a intanet ba, kamar sunan da Goggo take kiransa da shi yana yaro. Wasu gidaje sun ajiye kalma guda da 'yan gida kaɗai suka sani, ta baki aka faɗa, ba a zauren WhatsApp ba. A jihar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, kiran gaggawa yana tsinka zuciya, su ma masu damfarar da wannan tsinkewar suke aiki.

Alamar da ta fi kowacce tsayawa ba ta cikin murya, tana cikin buƙatar: gaggawa, a ɓoye wa kowa, da sabon asusun da ba ka sani ba. In ukun nan suka haɗu, ko wa ka ji, dakata.

Shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna ba ta tabbatar da mutum ba?

A da tana nufin kamfanin ya bincika. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 aka fara sayar da ita, nan da nan wani ya buɗe asusu da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, da alamarsa, ya sanar cewa insulin ya zama kyauta. Meta, mai Facebook da WhatsApp, ma yana sayar da tasa, ko da yake yana neman katin shaida. Asusun gaskiya mai alama kuma ana iya sace shi. Ɗauke ta a matsayin hula mai kyau, ba takardar shaidar hali ba.

Manhajar banki ta ce in kyafta ido in juya kai. Ina hoton fuskata yake zuwa?

Kyaftawar don a tabbatar ba hoto aka ɗaga wa kyamara ba ne. Daga nan a kwatanta fuskarka da wadda ke ajiye a rumbun BVN ko na hukumar NIMC mai bayar da NIN. Sau da yawa ba bankin da kansa ke wannan aiki ba, wani kamfanin tantancewa ne ya ɗauka haya, wanda ba ka taɓa jin sunansa ba. Wannan ya bambanta da buɗe wayarka da fuska ko yatsa, inda a wayoyin kirki bayanin ke zama cikin wayar ba ya fita.

Ga banki mai lasisin Babban Banki ba ka da zaɓi sosai. Abin gudu shi ne wani ya riƙe wayarsa ya ce, "Hajiya, kalli nan ki kyafta, rajistar tallafi ce." Mai yiwuwa asusu yake buɗewa da sunanki, da fuskarki, a wayarsa. Duba amsar da ke biye.

An ce in ba da NIN ko BVN a ba ni dubu biyu. Me za su iya yi da lamba kawai?

BVN, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, da NIN, kowacce lamba 11 ce, kuma ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusunka. Amma lambar da hotonka da fuskarka su ne ainihin abin da mai bot ke nema, wato rigar mutum na gaske. Da su zai buɗe asusun da kuɗin sata za su bi, ko ya ci bashi, ko ya yi rajistar layi. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan masu zagayawa suna sayen bayanan mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000 suna sayarwa gaba. Ranar da aka bi sawun kuɗin fansa ko na damfara, ƙofar da za a ƙwanƙwasa taka ce, a Rigasa ko Badarawa, shi kuwa ba wanda ya san fuskarsa.

Ko ba ka sayar ba ma bayanan na iya fita. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, wasu a kan naira 100. Saboda haka in mai kira ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka da BVN ɗinka, wannan ba hujja ba ce cewa daga banki yake. Yana nuna maka abin da ya saya ne don ka ba shi abin da bai samu ba, wanda shi ne batun tambaya ta gaba.

Wani ya ce ya turo lamba shida wayata bisa kuskure, in karanto masa. Mene ne illar?

Wannan lambar ita ce amsarka ga tambayar "kai ne?" Duk wanda ka karanto wa ya zama kai. Da ita ake ƙwace WhatsApp, sannan a bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗi da sunanka. Salon da ya fi kama mutanenmu shi ne na taro: a kira ka da sallama da ladabi, a ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na coci, akwai taro da yamma, an turo maka lambar shiga. Babu taron da ake shiga da lambar da WhatsApp ya turo.

Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirrinka. Minti biyu ne. In kuma layinka ya ɗauke sabis haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, kada ka jira gobe, je ofishin kamfanin layin ka kuma sanar da bankinka, don wataƙila wani ya yi walkam bak da layin, wato ya karɓi sabon sim da lambarka.

Ni ba ni da abin ɓoyewa, me zai dame ni?

To ba ni wayarka in karanta saƙonninka da matarka. Ba wanda ya taɓa miƙo min. Sirri ba ɓoye laifi ba ne, sutura ce, shi ya sa muke addu'ar Allah Ya rufa asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Alƙur'ani ya hana bin diddigin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, ya kuma hana shiga gidan wani sai da izini a Suratun Nur, aya ta 27.

Kuma wayarka ba sirrinka kaɗai ke ciki ba. Waɗanda suka ci bashi a manhajojin nan na gaggawa sun ba su izinin ganin lambobin da ke wayarsu, sai ga saƙo ya je wa suruki da limamin unguwa cewa wane ɓarawo ne. Ɓarnar ta kai Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023, a ƙasashen da suka haɗa da Najeriya. Hoton 'yarka da ka ɗora da salla kuwa, a zamanin da ake ɗora fuska a kan jikin da ba nata ba, ka yi tunani wa ke iya gani.

Hirar da nake yi da Meta AI ko ChatGPT tsakanina da shi ne?

A'a. Saƙonka da ɗan uwanka a WhatsApp a kulle yake tun 2016, kamfanin ba ya karanta abin da ke ciki, ko da yake ya san wa ka tuntuɓa da yaushe. Amma in da Meta AI kake hira, kamfanin ne a ɗaya ɓangaren, shi ka aika wa. Haka sauran. Yawancinsu suna ajiye hirar, wasu suna koyar da na'urarsu da ita sai in ka shiga saiti ka hana. Kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan aiki a ciki.

Na ga masu kai masa matsalar aure da sakamakon gwajin asibiti, saboda ba ya gajiya kuma ba ya gulma a unguwa. Na fahimci dalilin. Yi tambayarka, amma cire suna da lambar waya da adireshi, kada kuma ka ɗora hoton katin shaida.

Akwai dokar da ta kare ni? Ina zan kai ƙara?

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka damar tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka janye izinin da ka bayar, ka nemi a goge a wasu halaye. Ta sa zanen yatsa da fuska cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, ta kuma wajabta wa kamfani sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 in aka yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

A aikace, fara da rubuta wa kamfanin, ka ajiye kwafi, sannan ka kai wa NDPC. Matsalar layin waya a kira hukumar NCC a 622, saƙonnin talla kuma a tura STOP zuwa 2442. In kuɗi suka fita, banki ne farko, a cikin sa'ar, kafin a kwashe su gaba, sannan 'yan sanda ko EFCC. Ba zan ce maka abin yana sauri ba.

Ba yadda za a yi in nuna ni mutum ne ba tare da na faɗi ko ni wane ne ba?

Ana ƙoƙari, kuma lissafin yana yiwuwa. Akwai dabarar da wanda ya riga ya san ka zai ba wayarka wata shaida mai hatimi, ka nuna wa shafi, ya gamsu kai mutum ne ko ka haura shekara 18, ba tare da ya ga sunanka ba, shi kuma mai hatimin bai san inda ka kai ta ba. Kamar mai unguwa ya ba ka takarda cewa mai ɗauke da wannan ɗan unguwarmu ne, bai rubuta suna ba. Apple da Cloudflare suna amfani da wani nau'in wannan don rage CAPTCHA. Buƙatar tana ƙaruwa tun da Birtaniya ta tilasta tantance shekaru a wasu shafuka a Yulin 2025, Ostareliya kuma ta hana 'yan ƙasa da 16 shafukan sada zumunta a Disambar shekarar.

Wata hanyar ita ce ta Worldcoin, wanda Sam Altman na OpenAI yake cikin waɗanda suka kafa. An ƙaddamar da shi a Yulin 2023: ka leƙa wata ƙwallon ƙarfe ta ɗauki ƙwayar idonka, a ba ka shaidar zama mutum da ɗan kuɗin kirifto. A Nairobi mutane suka yi dogayen layuka, gwamnatin Kenya ta dakatar da shi a watan Agusta, Sifaniya ma ta tsayar da shi a 2024. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne mai sayar da na'urar kwaikwayon mutum shi ne kuma mai sayar da shaidar zama mutum, kuma layin ya fi tsawo inda talauci ya fi yawa.

Na'ura ta ƙi karɓar yatsan mahaifiyata, ta ce ba ita ba ce. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata min rai, don ina ganinta da idona. Zanen yatsa yana gogewa da tsufa da aiki: matan da suka shekara suna wanki da surfe, maƙeran Panteka, magina masu taɓa siminti. Hunturu na busar da fata na'ura ta kasa karantawa. Lalle ma yana hanawa, har JAMB takan gargaɗi ɗalibai mata su guje shi kafin rajista da jarrabawa. Na'urar BVAS da INEC ta yi zaɓen 2023 da ita tana duba yatsa da fuska, in ɗaya ya ƙi a gwada ɗayan. Kyamara kuma takan wahala da baƙar fata a ɗaki mai duhu, ko fuskar da ta canza tun hoton shekara goma.

Ku gwada masu sauƙin tukuna. A wanke hannu a goge, in fatar ta bushe a ɗan shafa mai kaɗan a share, a gwada wani yatsan. In fuska ce, a fito inda haske ke dukan fuskar ba bayan kai ba, a goge gilashin kyamara, hijabi ya bar goshi da haɓa a buɗe. In hoton rumbun ne ya tsufa, a je ofishin NIMC ko reshen banki a sabunta, da ita kanta, kada a ba ɗan kan hanya.

In duk sun ƙi, dokar 2023 da na ambata a sama ta ba mutum damar ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa in zai shafe shi sosai, ya nemi ɗan Adam ya duba. Ku je da Mama da katinta da tsohuwar takardar asusun, ku nemi ganin manaja, ku rubuta koke a takarda biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ku dawo da ita gida.